An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Ƙure Gudun Masarrafa Ba Ya Maganin In'inar Wasannin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta yana buga gem ya san wannan takaici. Hoto na tafiya sumul, ka shawo kwana ka hango abokin gaba, sai komai ya cije kamar ƙiftawar ido, sannan ya ci gaba. Kafin ka ankara an gama da kai. A can saman allo kuma lamba na nuna maka FPS 120, wato hoto 120 a kowane sakan, kamar babu abin da ya faru. Wannan cijewa ita za mu kira in'inar hoto a wannan rubutu, domin da in'inar baki ta fi kama: magana na fita lafiya, sai harshe ya sarƙe a kan kalma ɗaya.

Idan ka kai kukanka ga masu ba da shawara, amsar da aka fi saurin ba ka ita ce masarrafarka ta yi sanyi, ka ƙara mata gudu. Masarrafa, wato furosesa, ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ƙara mata gudu fiye da abin da kamfani ya tsara shi ne abin da 'yan gem ke kira obakulokin, mu kuma za mu ce ƙure gudu. Wannan shawara ta zama ruwan dare, har wasu na ɗaukar ta a matsayin ilimi. A ganina shawara ce mai rauni a mafi yawan lokuta, mai haɗari a wasu lokutan, kuma tana ɗauke hankali daga waɗanda ya kamata a tuhuma. Bari mu bi ta daki-daki.

Lissafin da ake tsallakewa

Abin da kake gani a allo jerin hotuna ne da ba sa motsi, ana sauya su da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Idan gem na ba da hoto 60 a sakan, kowane hoto na da milisakan 16.7 a shirya shi. Milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Idan hoto 144 ne, lokacin ya ragu zuwa kusan milisakan 7. A cikin wannan ɗan taƙi masarrafa za ta lissafa inda kowa yake, me ya bugi me, wane sauti zai fita, sannan ta miƙa wa katin hoto ya zana.

To ga inda matsalar take. Lambar FPS matsakaici ce. Ɗauki sakan ɗaya da aka zana hoto 100 a cikinsa. A ce 99 sun fito a milisakan 9 kowannensu, jimla 891. Ɗaya tilo ya ci milisakan 109. Lamba za ta ce maka FPS 100, abin alfahari. Amma idonka ya ga allo ya tsaya cik na fiye da kashi ɗaya cikin goma na sakan, kuma wannan tsayuwa ita ce ta ɓata maka rai.

Yanzu a ce ka shiga BIOS ka ɗaga masarrafarka daga 5.5 GHz zuwa 5.8 GHz. Ƙarin bai kai kashi 6 cikin ɗari ba. Ko da a ce duk aikin wancan hoto mai nauyi a wuyan masarrafa yake, milisakan 109 zai koma wajen 103. Akwai idon da zai bambance tsayuwar 109 da ta 103? Babu. Kamar direba ne da ke ƙorafin yawan shingaye a hanya, sai ya ƙara wa motarsa wuta da kilomita biyar a awa. Zai ɗan riga isa shinge na gaba, amma tsayuwar tana nan daram.

Wannan fahimta ba sabuwa ba ce. Tun a watan Satumbar 2011, Scott Wasson na mujallar The Tech Report ya wallafa wani bincike da ya nuna cewa ƙirga hotuna a sakan na ɓoye abin da ɗan wasa ke ji a jikinsa, ya ce a riƙa auna lokacin da kowane hoto ya ɗauka. A wancan zamani ana yayin haɗa katin hoto biyu a kwamfuta ɗaya. Lamba kan yi sama sosai, amma hotunan na fitowa a hargitse, wani kusa da wani, wani da tazara. Daga irin wannan aiki ne masu gwajin kayan kwamfuta suka fara kawo ma'aunin kashi ɗaya mafi muni cikin ɗari na hotuna. Fiye da shekara goma ke nan, amma har yau a bakin masu talla da masu ba da shawara, GHz da FPS ne kaɗai ake ji.

Ina in'inar take fitowa?

Babban tushenta a wasannin zamani shi ne wasu 'yan ƙananan manhajoji da ke gaya wa katin hoto yadda zai zana haske, inuwa, ruwa, hayaƙi da fatar mutum. Gem ɗaya na iya ƙunsar dubbai daga cikinsu. Katin hoto ba ya gane su yadda aka rubuta su, sai an fassara su zuwa yaren wannan kati takamaimai da wannan direba takamaimai. A PlayStation 5 ko Xbox, nau'o'in katin kaɗan ne kuma sanannu, saboda haka kamfani kan yi fassarar tun kafin ya saki gem. A kwamfuta kuwa katuna sun fi a ƙirga, dole a yi fassarar a na'urarka. Idan masu gem ba su tsara a yi ta tun farko ba, za a yi ta ne a daidai lokacin da aka fara buƙatarta. Ka harba sabon makami, ko wani abu ya fashe a karo na farko, sai gem ya tsaya yana jiran fassara. Tun da aka koma tsarin DirectX 12 da Vulkan, nauyin kula da wannan ya fi komawa kan masu rubuta gem, kuma da yawansu sun yi sake.

Misali a fili shi ne The Callisto Protocol da ya fito a Disambar 2022. Masu kwamfutoci mafi tsada sun sha in'ina kamar kowa. Kamfanin ya fitar da gyara cikin gaggawa wanda ke yin fassarar kafin a fara wasa, matsalar ta ragu ƙwarai. Ka lura, ba wanda ya sauya masarrafa. Manhaja aka gyara.

Tushe na biyu shi ne lodin sabon yanki. Kana tsallaka wata iyaka da ba ka gani a cikin gem, sai ya shiga kwaso gine-gine da itatuwa daga ma'adana zuwa RAM a dunƙule. Star Wars Jedi: Survivor na Afrilun 2023 ya yi ƙaurin suna a wannan, kuma masu sharhi na Digital Foundry sun nuna in'inar tana nan ko a kan masarrafa mafi ƙarfi a kasuwa. Ga kuma labarin Elden Ring na Fabrairun 2022. Ya fito da in'ina a kwamfutocin Windows, sai kamfanin Valve ya yi wani gyara a manhajar Proton da ya rage ta a kan Steam Deck, 'yar na'urar hannu da masarrafarta ba ta wuce 3.5 GHz. Da gudu ne magani, da ba a ga haka ba.

Wani lokaci ma matsalar ba ta shafi gem ba sam. A watan Maris na 2022, AMD ta amsa cewa wasu kwamfutoci masu masarrafar Ryzen na ɗan daskarewa lokaci-lokaci, har sauti ya karkace. Dalili shi ne wani sashen tsaro mai suna fTPM, wanda mutane da yawa suka kunna saboda Windows 11 na buƙatar irinsa, yana daɗewa wajen mu'amala da wata 'yar ma'adana da ke kan babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira bod. Maganin ya zo ne ta sabunta BIOS. Wanda ya kwana yana ɗaga gudu a kan wannan matsala, wahalar banza ya sha.

Sai sauran dalilai na yau da kullum: RAM na katin hoto ya cika saboda an ɗaga ingancin zane fiye da ƙarfinsa, RAM na kwamfuta ya yi kaɗan, tsohuwar ma'adana mai faifai, wata manhaja na sabunta kanta a ɓoye, ko intanet na yankewa a wasan da ake bugawa da wasu. Babu ko ɗaya a cikinsu da ƙarin MHz 300 ke warkarwa.

Lokacin da shawarar take da ma'ana

A yi adalci, wannan al'ada ba daga sama ta faɗo ba. A 1998 Intel ta fitar da Celeron 300A mai gudun 300 MHz. Mutane suka gano cewa idan aka ɗaga gudun bod daga 66 zuwa 100 MHz, masarrafar kan hau 450 MHz ta zauna lafiya. Ƙarin kashi 50 cikin ɗari ke nan a kyauta, mai ƙaramin ƙarfi ya kamo mai Pentium II mai tsada. A 2011 ma Core i5-2500K mai 3.3 GHz ta riƙa kai wa 4.5 GHz a hannun mutane da dama ba tare da wata na'urar sanyaya ta musamman ba. A wancan lokaci kamfanoni na barin fili mai faɗi tsakanin abin da suka rubuta a kwali da abin da masarrafa za ta iya.

Yau wannan fili ya ƙare, domin kamfanonin da kansu suka cinye shi. Masarrafar zamani na auna zafinta da wutar da take sha sau da yawa a kowane sakan, ta ɗaga gudunta da kanta har iyakar da yanayi ya bari. Intel na kiran tsarin Turbo Boost, AMD na kiransa Precision Boost. Core i9-14900K na fitowa daga kwali tana taɓa 6 GHz. Abin da ya rage maka ka ƙara da hannunka ɗan ƙanƙani ne. Masu ba da shawarar ƙure gudu a yau suna maimaita darasin 1998 ne a kan na'urar da ta riga ta ƙure kanta.

Kuɗin da ake biya da zafi

Ƙarin gudu ba ya zuwa shi kaɗai. Don ƙwayoyin lantarkin da ke cikin masarrafa su riƙa kunnuwa da mutuwa da sauri ba tare da kuskure ba, sai an ƙara musu ƙarfin wuta, wato boltej. Wutar da masarrafa ke ci kuwa tana hawa daidai da gudu, amma tana hawa ne da ninkin boltej a kansa. Ga misali na lissafi: a ce hawa daga 5.5 zuwa 5.8 GHz ya buƙaci ɗaga boltej daga 1.25 zuwa 1.40. Wutar da za a ci za ta ƙaru da kusan kashi 32 cikin ɗari, don samun gudun da bai kai kashi 6 ba. Duk wannan wuta zafi take komawa. Wannan katanga ce ta sa Intel ta fasa fitar da Pentium 4 mai 4 GHz a 2004, masana'antar ta juya ga ƙara yawan ƙwaƙwale a masarrafa ɗaya. Gaskiya ne an haura 9 GHz a gasar kafa tarihi, amma da ruwan iskar hiliyom mai tsananin sanyi aka yi, na ɗan lokaci, kuma ba gem ake bugawa ba.

Idan zafi ya kai iyaka, wanda a masarrafan Intel na zubi na 13 da na 14 digiri 100 ne a ma'aunin Salshiyos, masarrafa kan sauke gudunta nan take don kare kanta, ta huce, ta sake hawa. Wannan hawa da sauka na nufin lokacin shirya hoto ma na hawa da sauka. Ka ga ke nan, wanda ya ƙure gudu don maganin in'ina na iya haifar da wata sabuwa da hannunsa. Haka kuma idan boltej bai wadatar ba, kurakurai kan fara faruwa. Wasu na'urar ta gyara su a ɓoye tare da ɓata lokaci, wasu kuma su rufe gem baki ɗaya.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Yawancin gwaje-gwajen da muke kallo ana yin su ne a ɗakuna masu sanyi, digiri ashirin da 'yan kai. A Kano ko Sakkwato ko Yamai, zafin watan Afrilu na haura digiri 40. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take turawa. Duk digirin da ɗaki ya ƙaru da shi, kusan haka masarrafa za ta ƙaru. Ƙara da ƙurar hunturu da ke toshe ramukan iska. Saitin da ya zauna lafiya a Jamus na iya kai ka bakin iyaka cikin minti goma a ɗakin da babu na'urar sanyaya ɗaki. Kwafo lambobin wani daga bidiyo ka zuba a BIOS ɗinka, ganganci ne.

Darasin Intel na 2024

Wanda ke ganin duk wannan tsoratarwa ce kawai, ya dubi abin da ya faru da manyan masarrafan Intel na zubi na 13 da na 14, musamman Core i9-13900K da 14900K. Daga farkon 2024 ƙorafi ya yawaita: wasanni, musamman waɗanda aka gina da Unreal Engine, suna rufewa, sau da yawa da saƙon cewa RAM na katin hoto ya ƙare, alhali bai ƙare ba. Abin lura shi ne matsalar ta fi bayyana a lokacin fassara waɗancan manhajoji na haske da inuwa, domin aikin na tayar da duk ƙwaƙwalen masarrafa a lokaci ɗaya. Kamfanin RAD Game Tools, mai manhajar Oodle da wasanni ke amfani da ita wajen warware bayanan da aka matse, ya fito ya ce masarrafar ce ke yin kuskuren lissafi. Cikin shawarwarin da ya bayar har da a ɗan rage mata gudu. A watan Afrilu, Nvidia ta rubuta a bayanin direbanta cewa masu wannan matsala su tuntuɓi Intel.

Da farko yatsa ya nuna masu ƙera bod. Intel ta rubuta wat 253 a matsayin iyakar waɗannan masarrafai, amma bod da yawa na zuwa da iyakar a buɗe, wasu an sa wat 4096, wanda ke nufin babu iyaka. Me ya sa? Domin bod ɗin da ya fi ba da lamba a gwaji shi ya fi kasuwa. An daɗe ana haka a idon kowa, kuma lambobin na taimaka wa tallan Intel ɗin kanta. Ma'ana, mutane da yawa na zaune da kwamfutar da aka ƙure ba da saninsu ba.

A watan Yuli Intel ta amsa cewa akwai laifi a umarnin cikin masarrafar kanta, wanda ke sa ta nemi boltej fiye da kima. A Agusta ta fitar da gyara mai lamba 0x129 da ke hana neman abin da ya wuce bolt 1.55, a Satumba kuma ta fitar da 0x12B. Bayanin da ta yi shi ne wani sashe na da'irar da ke rarraba bugun agogo a cikin masarrafar na saurin tsufa idan boltej da zafi suka yi yawa, sai mafi ƙarancin boltej da take buƙata don aiki daidai ya riƙa hawa a hankali. Gyaran na hana lalacewa ne, ba ya dawo da wadda ta riga ta lalace. Intel ta ƙara shekara biyu a kan garanti, amma ba ta janye kayan daga kasuwa ba. Garin neman gira aka rasa ido.

AMD ma ba ta tsira ba. A Afrilun 2023 an samu wasu Ryzen 7000, musamman masu lambar X3D, sun ƙone har da ramin da suke zama a bod, abin da aka danganta da yawan boltej a wani sashe nasu lokacin da aka kunna saitin ƙara gudun RAM. AMD ta sa iyakar bolt 1.3 ta hanyar sabunta BIOS.

Idan injiniyoyin da suka zana masarrafa, da duk kayan gwajinsu, sun yi kuskuren iyakar boltej har kaya suka lalace, me zai sa mu yarda da wanda ke cewa "ƙara mata kaɗan kawai, ba komai"? Ga mai saye a ƙasashenmu abin ya fi zafi, domin yawancin kayan na hannu ne, babu takardar garanti, babu inda za a mayar. Kuma masarrafar da aka gasa shekara biyu a wata ƙasa ba ta da tabo a jiki da zai nuna maka.

Shaida daga ɗaya ɓangaren

Hujja mafi ƙarfi a kan bautar GHz ta fito ne daga kasuwar kanta. A Afrilun 2022 AMD ta fitar da Ryzen 7 5800X3D. Gudunta na ƙoli 4.5 GHz ne, ƙasa da 4.7 na yayarta 5800X, kuma an kulle ta ba a ɗaga mata gudu da hannu. Duk da haka ta doke yayar a mafi yawan wasanni, wani lokaci da tazara mai yawa. Sirrin shi ne ma'ajiyar kusa, wato 'yar ma'adana mai tsananin sauri da ke jikin masarrafa, an ninka ta uku, daga megabait 32 zuwa 96. Ashe a cikin gem masarrafa kan ɓata lokaci mai yawa tana jiran bayani ya iso daga RAM. Mai jira kuwa, ko ka ƙara masa saurin hannu, jira yake yi. Magajiyarta 7800X3D, mai 5 GHz, ta yi kafaɗa da kafaɗa da 14900K mai 6 GHz a wasanni, sau da yawa ma ta wuce ta, da wutar da ba ta kai tata ba ko kusa.

Wannan ba ya nufin ƙure gudu ba shi da wani amfani. Wanda ke da tsohuwar masarrafa mai sauran fili, kuma ya tabbatar ita ce ke riƙe katin hotonsa a kowane hoto, zai iya ganin canji. Kunna XMP ko EXPO don RAM ya yi gudun da aka rubuta a kwalinsa, wanda shi ma nau'in ƙurewa ne, kan inganta hotuna mafi nauyi a wasanni da dama, in dai an gwada an ga ya zauna. Akwai kuma masu yin abin don sha'awa da gasa, kamar masu gyaran motar tsere, sun san haɗarin kuma sun yarda da shi. Ba da su nake ba. Ina magana ne a kan miƙa wannan a matsayin magani ga wanda ya zo da ciwon da ba a bincika ba.

A auna kafin a taɓa

Abin da ya dace da mai neman ilimi shi ne ya fara da awo. Manhajoji irin su CapFrameX, PresentMon, ko MSI Afterburner tare da RivaTuner, duk kyauta ne, kuma suna zana layin lokacin kowane hoto. Layi a miƙe na nufin tafiya sumul, tsini kuma in'ina ce. Sai ka tambayi kanka, yaushe tsinin ke fitowa? Idan a karo na farko da ka ga wani abu ne, kuma bai dawo ba da ka maimaita wurin, fassara ce. Idan a wuri ɗaya yake fitowa kullum, lodin yanki ne. Idan sai bayan minti ashirin yake farawa, duba zafi da HWiNFO, za ka iya tarar da gudu na faɗuwa. Idan ya zo ne bayan ka ɗaga ingancin zane, duba ko RAM na kati ya cika. Idan kuma ka riga ka taɓa saiti a BIOS, mayar da komai yadda ya zo ka sake gwadawa, ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Sau da yawa abin da ke taimakawa kishiyar ƙurewa ne. Ka ƙayyade FPS a ƙasa da iyakar ƙarfin na'urarka, misali 60 tsayayye maimakon lilo tsakanin 70 da 110, sai masarrafa ta samu sararin shanye aikin da ya zo ba zato. Ka rage boltej kaɗan inda na'ura ta yarda, zafi ya sauka, gudu ya daina rawa, musamman a kwamfutar tafi-da-gidanka. Ka busa ƙura, ka sabunta man da ke tsakanin masarrafa da na'urar sanyaya ta. Idan allonka na da FreeSync ko G-Sync, ka kunna. Mai Intel zubi na 13 ko 14 kuma ya sabunta BIOS yau, kada ya bari sai gobe.

Sauran in'inar da ta rage bayan duk wannan, ba taka ba ce. Ta kamfanin da ya saki gem ne ba tare da ya tsara fassara ba, alhali ya karɓi cikakken kuɗi. Epic, mai Unreal Engine, ya ƙara hanyoyin yin fassarar tun da wuri a sababbin zubin injinsa, wanda ke nuna cewa can ne gyaran yake. Duk lokacin da ɗan wasa ya ɗauka laifin masarrafarsa ne, ya tafi ƙara mata wuta ko sayen wata, an sauke wa mai laifin gaske nauyi, an kuma ƙara wa mai sayar da kaya ciniki. Su ma masu sharhin kayan kwamfuta da ke sa babbar lambar FPS a gaba, su tura layin lokacin hoto can ƙarshen bidiyo, suna da nasu kason.

Saboda haka idan wani ya ce maka ka ƙure masarrafa don in'ina ta tafi, ka tambaye shi milisakan nawa tsinin yake kaiwa, kuma kashi nawa cikin ɗari ƙarin gudun zai rage. In bai da amsa, ka bar BIOS ɗinka yadda yake.